Ruwa ba ya tsami banza: abin da ya kashe mana tarwaɗa a Magami



Tun da aka tashi daga taron shekara mutane suke tare mu, wasu a kasuwa, wasu ta waya, suna tambayar ina aka kwana kan maganar kifin ƙungiya. Ma'aji ya karanta lissafi a wurin taron, kowa ya ji abin da ya shiga da abin da ya fita, amma lissafi ba ya faɗin dalili. Shi ya sa kwamiti ya ce a rubuta dalilin a nan dalla-dalla. Kuɗin na jama'a ne, jama'a suna da haƙƙin su sani. Sannan akwai yaron da aka ɓata wa suna a unguwa kan laifin da ba nasa ba, mu ne kuma muka fara ɓata shi. Zancen zai ɗan yi tsawo, a yi mana haƙuri.

Ga wanda bai san mafarin abin ba, bara waccan ne aka yi shawara a nemi wata sana'a da za ta riƙe samarinmu, ta kuma riƙa kawo wa asusu ɗan abin taimakon marasa lafiya. Aka kawo maganar kiwon kaji, aka kawo ta injin niƙa, daga ƙarshe tarwaɗa ta yi rinjaye. Hujjar kuwa mai ƙarfi ce. Jalingo gari ne na cin kifi. Kifin Binuwai da ake kawowa daga Lau da Ibi yana nan, amma yana da lokacinsa, kuɗinsa kuma ba kowa ke iya kaiwa ba. Masu farfesu da masu gashin dare kullum tarwaɗa mai rai suke nema, mata masu banda kuma ba sa barin ko ɗaya ta kwana. Aka buɗe karɓar gudummawa. 'Yan kasuwa suka bayar, malaman makaranta suka bayar, masu keke suka bayar. A littafinmu akwai sunan wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, mijinta ya rasu, wadda ta kawo nata kason sau huɗu, kaɗan-kaɗan, a ƙulle a bakin zane. Duk lokacin da muka buɗe shafin nan sai jikinmu ya yi sanyi.

Wani dattijonmu ya ba da fili a bayan gidansa a Magami, inda akwai rijiyar burtsatse da tanki a sama. Aka gina kwami biyu na siminti, kowanne tsawon mita 3, faɗin mita 2, zurfin ruwan cikinsa mita 1. Lita 6,000 ke nan kowane kwami, wato jarka 300 irin ta 'yan ga-ruwa. Maginin ya yi aiki mai kyau irin wanda ya sani, irin na ma'ajiyar ruwa. Ya shigo da bututun ruwa ta saman bangon gabas, ya lanƙwasa bakinsa ya nutse cikin ruwan. Mafitar ma ya sa ta a saman bangon nan dai, tsakaninsu bai fi kamu uku ba. Ƙasan kwamin a shafe sumul kamar daɓen ɗaki, ba gangare, sai wata ƙaramar kafa a lungun yamma da ake toshewa, ranar wanki a buɗe. Muka je mu bakwai muka duba, aka kunna famfo, muka ga ruwa yana shiga yana fita, muka ce masha Allah. A cikinmu babu wanda ya taɓa kiwon ko kifi ɗaya.

Bayan an jiƙa kwamin an wanke shi sau da yawa don kaifin siminti ya fita, a watan Nuwamba aka zuba 'ya'yan tarwaɗa 700 a kowanne. Aka ɗauki yaro guda, ɗan wani mambanmu da ya gama sakandare yana zaune a gida. Shi ke ba su abinci safe da yamma, ya buɗe ruwa awa biyu da safe, awa biyu da la'asar. Duk tsawon hunturu lafiya lau. Kifi suna ci suna girma, in an watsa abinci ruwan har kamar tafasa yake yi. Kowace Juma'a in an sauko daga masallaci mukan biya mu tsaya muna kallo, muna lissafin riba da baki. Sau biyu yaron ya ce wa shugaba, "Baba, lungun can na yamma yana wari, kuma kifin ba sa son zuwa wajen." Shugaba ya ce masa ai kifi ba ya rabuwa da ƙarni. Mu ma muka taya shi dariya.

Sai Maris ya shigo da zafinsa. Wanda yake Jalingo ya san yadda Maris da Afrilu suke, da rana zafi yana taɓa digiri 40, dare kuma ba ya yi wa kowa sauƙi. Kifin sun kusa rabin kilo kowanne, an riga an yi magana da mai saye. A makon nan aka ɗauke wuta kwana biyu, injin samo bai ja ruwa ba, ɗan abin da ya rage a tankin sama aka riƙa lallaɓawa da shi tsakanin iyalin dattijon da kifin. Ranar da abin zai faru, mu da bakinmu muka ce wa yaron ya ƙara musu abincin yamma don su yi nauyi kafin awo. Ya ƙara. Bayan sallar asuba ya zo ya tarar da kwamin farko ya yi fari fat, kifi sun juya ciki sama. Da aka tsame aka ƙirga, 412 ne suka mutu a cikinsa. A kwami na biyu kuwa talatin da 'yan kai. Masu banda suka kwashe waɗanda ba su lalace ba a kan kuɗin da bai kai na abincin wata ɗaya ba, sauran aka haƙa musu rami.

Kafin azahar kowa ya zama likitan kifi. Wasu suka ce guba aka zuba, ruwa ba ya tsami banza, suna maganar suna kallon gidan maƙwabcin da ya sha ƙorafi kan ruwan da ke bi ta ƙofarsa. Wasu suka ce abincin ne ya tsufa. Wasu suka ce baki ne, mun cika faɗin riba a bainar jama'a. Amma maganar da ta fi tafiya ita ce wai yaron ya tafi gidan kallon ƙwallo ya bar ruwa a rufe. Kwamiti ya zauna a daren, aka dakatar da shi, mai wannan rubutu ne ya rubuta takardar ya sa mata hannu. Tambayar da ba wanda ya tsaya ya yi ita ce: kwami biyu, ruwa ɗaya, abinci ɗaya, yaro ɗaya, me ya sa ɗaya ya kashe fiye da rabi, ɗan uwansa da ke jikinsa kuma ya tsira?

Amsar ta zo daga inda ba mu zata ba. Ma'ajinmu yana da ƙane da yake aiki a Jidda, a bakin Bahar Maliya. Mun daɗe muna jin labarin akwatin gilashin da ya ajiye a falonsa, mai ruwan gishiri irin na teku, da ƙananan kifaye masu launi da wasu duwatsu masu kama da furanni. Gaskiya mun ɗauki abin wasan masu kuɗi ne, kiwon kifin da ba a ci. Kwana biyu bayan asarar ya kira yayansa ta bidiyo, ya same mu tsaye a bakin kwamin. An dawo da wuta, an sayar da ragowar kifin kwamin farko, amma ba a wanke shi ba, don shugaba ya ce a bar ruwan yadda yake saboda zargin guba. Mutumin ya yi mana jaje, sannan ya ce, "Yaya, juya min wayar in ga inda ruwan yake shiga." Aka juya. "To ina yake fita?" Aka matsa kamu uku aka nuna masa. Ya ɗan yi shiru, sannan ya ce, "Malam Sakatare, don Allah a samo dusa cikin tafin hannu. A kunna ruwan, a watsa ta ko'ina a saman kwamin, a bar min wayar a kai."

Aka yi yadda ya ce. Dusar da ta faɗa kusa da bangon gabas ta yi 'yar kewaya ta bi mafita cikin minti ɗaya. Wadda ta faɗa tsakiya tana ɗan motsi kamar mai jin barci. Wadda ta faɗa lungunan yamma kuwa, mun tsaya minti goma sha biyar, tana nan inda aka watsa ta. Ashe duk awa huɗun nan da ake buɗe ruwa kullum, sabon ruwan shigowa yake yi ya gaisa da bango ya fice ta ƙofar da ke kusa da shi. Mai tsabtar muke zubarwa, mai dattin yana kwance a ƙasa tun wankin ƙarshe. Dattijon mai gida ya ɗaura gwangwani a kan sanda ya zura a lungun yamma ya ɗebo abin da ke ƙasa. Baƙin taɓo ne, kashin kifi da ragowar abinci, warinsa kamar na ruɓaɓɓen ƙwai. Warin da yaron ya faɗa wa shugaba sau biyu ke nan.

Kwami na biyu fa? Shi ne wanda muka yi ta faɗa da magini a kansa, saboda toshiyar kafarsa ta ƙasa ba ta kama da kyau ba, kullum yana yoyo ta lungun yamma, har ana ƙara masa ruwa fiye da ɗan uwansa. Yoyon nan da muke kira aibi shi ya riƙa jan ruwan ƙasa mai datti yana fitarwa dare da rana, ya kuma tilasta wa sabon ruwa ya ratsa kwamin daga gabas zuwa yamma.

Daga ranar muka daina raina akwatin gilashin nan, muka riƙa kiran mutumin Jidda da yamma yana yi mana bayani. Abin da muke gani kamar furanni, in ji shi, murjani ne mai rai, ɗan uwan wanda iyayenmu mata suke ɗaurawa a wuya da hannu. Dabba ce, amma a manne take da dutse, ba ta zuwa ko'ina. Ba ta iya bin abinci, ba ta iya gudun ƙazantar jikinta. A cikin teku igiyar ruwa ce take yi mata wannan hidima, ta kawo mata abinci da iska, ta share mata jiki. Wanda ya ɗauko ta ya sa a falo, dole ya ƙirƙiro mata igiyar da kansa. Don haka abin da ake fara koya wa sabon shiga, bayan haɗa gishiri kimanin giram 35 a kowace litar ruwa, shi ne motsin ruwa. Masu harkar suna so ƙananan injinan da ke cikin akwatin su juya ruwa ninki 10 zuwa 20 na abin da akwatin yake ɗauka a kowace awa, wannan ga murjani mai taushi ke nan, mai tauri yana son fiye da haka. Akwati mai lita 200 sai an motsa masa lita 2,000 zuwa 4,000 a awa. Ruwan cikin ne dai ake ta juyawa, ba sabo ake zubawa ba.

Yawan litar, in ji shi, kuɗi yana sayensa. Inda ake faɗuwa shi ne hanyar da ruwan zai bi. Sabon shiga yakan sayi inji mai ƙarfi guda ɗaya ya manna a bango, ruwa ya riƙa harbawa layi guda kamar tiyon wankin mota. Murjanin da ke kan layin sai fatarsa ta saɓule, wanda ke bayan dutse kuma datti ya binne shi, gansakuka ta hau kansa. Shi ya sa suke sa inji biyu suna fuskantar juna, ko suna aiki karɓa-karɓa, ruwan ya haɗu ya watse ta ko'ina. Ɗaya kuma a ɗan ɗaga bakinsa sama don fuskar ruwan ta riƙa rawa, domin ta nan iska take shiga. Sannan su watsa ɗan abinci su zauna su ga inda zai je ya kwanta. Duk inda ya kwanta mataccen lungu ne, sai an gyara. Gwajin dusar da ya sa mu yi ke nan. Ya ce wa yayansa, "Tarwaɗarku tana iyo, Yaya, amma kun kewaye ta da bango huɗu. A wajen datti ita da murjanina duk ɗaya ne, ba mai iya barin wurin."

Abin kunyar shi ne wannan karatu yana bakin ƙofarmu. Duk wanda ya bi ta Mayo-Gwoi ko kogin Lamurde da rani ya ga yadda siririn ruwan da ke tafiya a kan yashi yake garau, kududdufin da ya yanke daga jikinsa taku biyar kacal kuma ya yi kore yana wari. Mu mutanen garin nan ruwa mai gudu muka saba tsoro, kuma da dalili. Wanda ya ga ambaliyar watan Agustan 2005 da ta karya gadar Nukkai ba zai manta ba. Ruwan da ya kwanta shiru kuwa ba mu taɓa sa shi cikin abin tsoro ba, sai dai don sauro.

Wanda ya ƙarasa mana bayanin wani malamin gona ne da ya yi ritaya, ya daɗe yana aiki da masu kiwon kifi. Dattijonmu ne ya gayyato shi, ya zo bai karɓi ko kuɗin keke ba, Allah ya saka masa. Ya ce mutane suna ruɗuwa da tarwaɗa saboda taurin ranta. Gaskiya ne tana da wata gaɓa a cikin kanta da take shaƙar iskar sarari da ita, shi ya sa take kwana a bokiti ba ta mutu ba, abin da karfasa ba za ta iya ba. Amma hakan bai sa ta fi ƙarfin guba ba. Duk abincin da kifi ya ci, wani kaso yana fitowa a matsayin amoniya, mafi yawa ta wajen numfashinsa da ke gefen kai, kashi da ragowar abinci da suke ruɓewa a ƙasa su ma suna ƙara ta. Amoniya tana ƙona wajen numfashin kifi, zafin ruwa kuma yana ƙara mata dafi. Ita ruɓewar iskar oksijin take ci, iskar da dama zafi ya riga ya rage. Ruwa mai digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 a lita, in ya kai digiri 30 sai ya koma wajen 7 da rabi. Taɓon da iska ta ƙare a cikinsa shi ke fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai, abin da ke warin nan kuma shi kansa guba ne ga kifi.

Ya ƙara mana abu biyu da ba mu taɓa ji ba. Ruwan burtsatse, duk kyansa a ido, da ƙarancin oksijin yake fitowa daga ƙarƙashin ƙasa, sai ya fantsama a sarari yake ɗauka, mu kuwa bakin bututunmu a nutse yake yana zuba shiru-shiru. Na biyu, gansakukar da ke sa ruwa kore tana ba da oksijin da rana, da dare kuma ita ma shaƙa take yi, don haka lokacin da ruwa ya fi talaucin iska shi ne gab da asuba. Kifin da ya ƙoshi kuma ya fi mai yunwa buƙatar iska. Sai ya jera mana abin kamar yana wurin. Kifi sun ninka girmansu sau da yawa tun Nuwamba amma ruwan da ake ba su bai ƙaru ba. Taɓo ya taru, zafi ya zo, ruwa ya yanke, aka cika musu ciki da yamma, suka shiga firgici cikin dare suna dama taɓon da ke ƙasa. Ya ce ko a bakin kwamin yaron ya kwana da fitila a hannu, babu ruwan da zai buɗe. Abin da ya kamata a yi a ranar shi ne a hana su abinci gaba ɗaya, don tarwaɗa tana kwana biyu ko uku ba ta ci ba, ba abin da zai same ta. Umarnin ƙara abincin kuwa daga bakinmu ya fito.

Gyaran bai ci kuɗin da muka ji tsoro ba. Magini ya dawo ya yi wa ƙasan kowane kwami gangare zuwa bangon yamma, ya cike lungunan huɗu da siminti suka zama masu lanƙwasa, datti ya rasa wurin ɓuya. Aka toshe tsohuwar mafitar gabas. A yamma, inda ya fi zurfi, aka kafa bututu a tsaye wanda tsawonsa shi ne iyakar zurfin ruwan, aka zura masa wani bututun da ya fi shi faɗi da tsawo kamar riga, aka yanka ƙofofi a gindin rigar aka rufe su da raga. Ruwan da zai fita dole ya shiga ta gindin, ya hau tsakanin bututun biyu, sannan ya faɗa cikin na ciki. Wato ruwan ƙasa ne yake fita da dattinsa, na sama ya zauna. Mashigar kuma aka ɗaga ta kamu ɗaya sama da ruwa, aka shimfiɗa bututu a faɗin bangon gabas aka yi masa ƙananan huji a jere, ruwan yana zubowa kamar yayyafi. Da muka sake watsa dusa, duk ta kama hanyar yamma a hankali ta je ta taru a jikin bututun.

Masu zagayayyen tamfol a gida, kun fi mu sa'a, naku ba shi da lungu. Ku karkata bakin bututun shiga ya bi jikin bango, ruwan ya riƙa kewayawa, mafita kuma ta kasance a tsakiya, a ƙasa. Ku tuna yadda ganyen shayi yake taruwa a tsakiyar kofi in an juya da cokali an bari. Haka kashin kifi zai taru a bakin mafitar da kansa. Mun leƙa gidaje da dama a Sabon Gari da Nukkai, mun ga masu irin kuskurenmu sak, mashiga da mafita suna maƙwabtaka a sama.

Mun kuma koyi awo. A da, da agogo muke auna ruwa, alhali awa biyu in tanki ya cika daban, in ya kusa ƙarewa daban. Yanzu jarka mai lita 20 ake tarawa a bakin famfo, a duba agogon waya. In ta cika a minti ɗaya, lita 1,200 ke nan a awa, sai an yi awa biyar kafin a zuba lita 6,000. Kuma ko an zuba 6,000 ɗin ba a canza ruwan duka ba, saboda sabo yana gauraya da tsoho su fita tare. Malamin gonan ya ce in sun gauraya sosai, kusan kashi biyu cikin uku ne kawai na tsohon yake tafiya. Shi ya sa da safe ake fara zare bututun ciki a rage ruwan ƙasa kamar kashi ɗaya cikin uku, sannan a cika. Ya fi tsimin ruwa, ya fi tsimin wuta. In kifi sun girma ko zafi ya ƙaru, abin da ake ragewa ma sai ya ƙaru.

Ba za mu ɓoye ba, mun sake wani kuskuren ta ɗaya gefen. Da aka zuba sababbin 'ya'yan kifi a watan Yuni, tsoron abin da ya faru ya sa muka bar ruwa a buɗe da duk ƙarfinsa. Ƙananan suka kwana suna kokawa da ruwa, da safe aka tarar da wasu a manne a jikin raga, sauran ba su da kuzarin cin abinci. Muka tuna murjanin da tiyo ya saɓule wa fata, aka rage. Abin da ake dubawa yanzu shi ne, in ƙaramin kifi yana iya tsayawa wuri ɗaya ba tare da wahala ba, datti kuma yana gangarawa a hankali zuwa mafita, to ƙarfin ya yi. Da hunturu kuma ba a kwarara musu ruwan tankin da ya kwana cikin sanyi da sassafe, sai rana ta ɗan ɗaga.

Maƙwabcin da aka zarga da guba shi ma yana da gaskiyarsa. Wata huɗu ruwan ƙarni yana kwanciya a ƙofar gidansa, 'ya'yansa suna tsallakawa in za su makaranta, sauro yana haihuwa a ciki. Yanzu an ja bututu zuwa bayan fili inda aka yi 'yan kunyoyin alayyafo da yakuwa, aka dasa ayaba. Ruwan kifi taki ne, ganyen sai wanda ya gani, gidansa ake fara kaiwa in an yanka. Mun je mu uku mun ba shi haƙuri. Ya ce ya ji duk abin da aka faɗa a kansa, ya bar wa Allah, kuma ya yafe.

Na yaron ya fi nauyi. Ko bayan gwajin dusa ba mu janye takardar nan da nan ba, wasu a kwamiti suna cewa ai duk da haka da yana wurin da ya yi wani abu, sauranmu kuma kunya ta hana mu matsawa. Wata biyu yana yawo a unguwa ana nuna shi, har wani mai shago da ya yi niyyar ɗaukarsa ya fasa. Mahaifinsa bai daina zuwa taro ba, bai kuma ce uffan ba, shirun nan nasa ya fi zagi ciwo. Sai bayan zuwan malamin gona shugaba ya ɗauke mu muka je gidan bayan isha'i. Ya ce wa mahaifin, "Malam, mun zo janye takarda ne, laifin namu ne." Aka kira yaron, ya durƙusa ya gaishe mu, shugaba ya ce masa, "Ɗana, ka faɗa mana sau biyu ba mu ji ba. Ka yafe mana." Ya ce, "Ba komai, Baba." Sai da ya yi kwana uku kafin ya ce zai dawo, ba mu ga laifinsa ba. An biya shi kuɗin watannin da ya yi a gida. Takardar a gaban kwamiti kawai aka karanta ta, amma labarinta ya zaga Magami, don haka muke rubuta wannan inda kowa zai gani: bai je kallon ƙwallo a daren nan ba, kuma ko da ya je, ba shi ya kashe kifin ba.

Zubin Yuni, wanda aka rage zuwa 500 a kowane kwami, an kwashe shi a Nuwamba. In ban da ƙananan da ruwa ya manna a raga, asarar ba ta taka kara ta karya ba. Ribar ba ta rufe ramin bara ba tukuna, ma'aji ya faɗi abin da ya rage a taro. Waɗanda ke ciki yanzu a Disamba aka zuba su, wato za su yi nauyi ne daidai tsakiyar zafi, nan kuma fargabarmu take. Mutumin Jidda ya ce masu akwatin teku ba abin da suke tsoro kamar ɗaukewar wuta, don in injina suka tsaya, akwati mai cunkoso awanni kaɗan yake yi iska ta ƙare, shi ya sa yake ajiye ƙaramin injin iska mai batir. Mu a nan kowa ya san wuta ba ta sallama in za ta tafi. Abin da muke da shi yanzu shi ne, ba a barin tankin sama ya sauka ƙasa da rabi, ranar da ba wuta ba abincin yamma, sannan akwai bokiti biyu a rataye. In aka ga kifi sun miƙe tsaye a saman ruwa suna haki, sai a riƙa ɗebowa ana kwararowa daga sama har gari ya waye. Wannan dabarar dare ɗaya take kaiwa, ba ta kai mako.

Don haka kwamiti zai kawo maganar sayen injin hura iska mai aiki da sola da batir a taron Asabar mai zuwa, bayan la'asar. An karɓo farashi daga wuri uku, za a karanta. Akwai masu ganin a sayar da kifin tun kafin zafi ya kankama a huta da fargaba ko da riba ta ragu, akwai masu ganin a sayi injin a jira su cika. Ma'aji yana ɓangaren farko, shugaba yana na biyu, kuɗin kuma naku ne, ku za ku yanke. Iyayenmu mata masu kaso a ciki, muna roƙon ku zo ko ku aiko da wakili. Wanda kuma yake da kwami ko tamfol a gida yana so a duba masa hanyar ruwansa, ya sami yaron a Magami da safe kafin ƙarfe tara. Shi yake yin gwajin yanzu, ya fi mu iyawa. A zo da dusa.

Sakatare, a madadin kwamiti.